Akwatin da ke Ƙarƙashin Gado

Karatun yau: Farawa 29:15-35

Ina fata kana lafiya. Na san kuwa da muna zaune a tabarma ɗaya na tambaye ka, amsar da za ka ba ni ke nan, "Lafiya lau." Haka aka koya mana tun muna yara. Ko mutum ya kwana yana juyi bai runtsa ba, in gari ya waye aka ce masa ina kwana, lafiya zai ce. Yau ina so mu ɗaga labule kaɗan, mu dubi abin da ke bayan wannan lafiya lau ɗin.

Bari in fara da wani ɗan labari. Kada ka nemi sanin sunan mutumin, gama ba labarin mutum ɗaya ba ne. Na harhaɗa shi daga abin da ido ya sha gani a cikin ikilisiyoyinmu.

Akwai wani tela a Maraɗi. Tun yana ƙaramin yaro a lakwal ɗin ƙauyensu, shi ke zuwa na ɗaya. Malamai suka ce yaron nan likita zai zama, mahaifinsa kuma ya sayar da tumaki don kada karatun ya tsaya. Allah ya taimaka, ya sami shiga jami'a a Yamai, ya fara karatun likita. Yana shekara ta biyu mahaifinsa ya rasu. A wannan lokaci ne kuma, a watan Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada ƙwarai. Shi ne babba, ga uwa, ga ƙanne 6. Sai ya tattara littattafansa a cikin akwatin ƙarfe, ya ce wa abokansa zai je gida na shekara ɗaya, ya daidaita al'amura ya komo. Wani baffansa ya ba shi aron keken ɗinki don ya riƙa samun na cefane kafin nan.

Shekara ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama goma. Ya aurar da ƙannensa mata, ya biya wa maza kuɗin makaranta, shi ma ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Akwatin yana ƙarƙashin gado. A ikilisiya kuwa aka naɗa shi dattijo. Ran Lahadi shi ke tsayawa a bakin ƙofar majami'a yana marabtar mutane, yana tsokanar yara, yana raha da tsofaffi. Matasa suna kiransa Baba Tela. In ana ba da misalin mutumin da ya gode wa Allah da abin da ya samu, shi ake nunawa.

Wata rana gab da Kirsimeti, mota ta tsaya a ƙofar shagonsa. Wanda ya fito abokin karatunsa ne na jami'a, wanda shi telan yakan zauna da shi har tsakar dare yana bayyana masa darasin da bai gane ba. Yanzu babban likita ne. Ya kawo shadda a ɗinka masa domin bikin 'yarsa. Suka rungumi juna, aka kawo shayi, aka yi dariyar tuna baya. Telan ya ɗauki tef ya durƙusa yana auna tsawon wandon abokinsa. Likitan ya dube shi daga sama ya ce, "Kai kam ka huta, mutumina. Ga ka cikin iyalinka, kullum fara'a. Ni ko barcin kirki ba na samu." Telan ya yi dariya, ya ce, "Sai godiyar Allah."

Daren nan, da gida ya yi tsit, ya jawo akwatin ya fita da shi tsakar gida, ya haska tocila ya buɗe. Gara ta cinye yawancin littattafan. Ya zauna a kan turmi, yana ɗaga takardu suna zuba a hannunsa kamar dusa. Can matarsa ta farka ba ta gan shi ba, ta fito ta tarar da shi haka. Ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Lafiya lau."

Bari mu bar su a nan tukuna, za mu komo kansu.

Mutanenmu sukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai na daɗe ina shakkar wannan karin magana. Fuska ta iya ƙarya. Wanda ya fi kama gaskiya a ganina shi ne wanda ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin Karin Magana, sura 14, ya yarda da haka, gama ya nuna mutum yana iya dariya alhali zuciyarsa tana ciwo. Wataƙila kai ma kana da naka akwatin. Aikin da ka yi karatu dominsa bai samu ba. Ka tafi ci-rani Kumasi ko Legas da niyyar ka komo da abin gina gida, ka komo da tsufa da ciwon baya. Ke kuma an yi miki biki da kiɗa da guɗa, yau shekara da shekaru kuna gida ɗaya da mutumin da ba ya tambayarki yadda kika wuni. Ko kuwa kai mai hidima ne, ka fito makarantar Littafi Mai Tsarki da wuta a zuciya, ga ka shekara 15 da mutum 20 a cikin majami'ar da rufinta ke zuba. Ba wanda ya sani, domin ka iya gaisuwa.

Maganar Allah ba ta ɓoye irin wannan rai ba. Karatunmu na yau yana ɗauke da mutum biyu da suka farka wata safiya suka ga rayuwar da ke gabansu ba ita suka roƙa ba.

Na farko Yakubu ne. Ya gudo daga Biyer-sheba saboda wansa Isuwa yana neman ransa. Ya yi tafiyar da ta fi kilomita 700, wadda ta fi nisan Yamai zuwa Maraɗi, da ƙafa, har Haran, a ƙasar Turkiyya ta yau, gidan kawunsa Laban. A bakin rijiya ya ga Rahila tana kiwon tumakin mahaifinta, zuciyarsa ta kamu. Ba shi da abin biyan sadaki, sai ya ba da ƙarfinsa: shekara 7 na kiwo. Nassi ya nuna mana shekarun nan sun zama masa kamar 'yan kwanaki saboda yawan ƙaunar da yake mata. Aka yi biki, aka tara mutanen gari, da dare aka kai amarya ɗaki. Da hasken safiya ya shigo, ya duba, sai ga yayarta Lai'atu.

Ya tafi wurin Laban cikin fushi. Laban ya amsa masa da al'ada, wai a ƙasarsu ba a aurar da ƙanwa a bar ya. Amsa ce mai zafi ga mutum kamar Yakubu, gama shi ne ƙanen da ya sa tufafin wansa, ya rufe hannuwansa da fatar akuya, ya ruɗi mahaifinsa Ishaku sa'ad da idanunsa suka daina gani. Wanda ya yi zamba ga mai duhun ido, ga shi an yi masa zamba cikin duhun dare. Aka ce ya cika makon bikin Lai'atu, a ba shi Rahila, ya sāke yin wasu shekara 7. Haka kuwa aka yi.

Yawancin wa'azin da na ji a kan wannan sura, a nan suke tsayawa, ana tausayin Yakubu. Amma ka taɓa tunanin wadda ke zaune a ɗakin nan da safiyar nan? Ta ga fuskar angonta ta sauya sa'ad da ya gane ta. Ta ji shi ya fita yana neman mahaifinta, yana ƙarar cewa an cuce shi. Ita ce cutar da aka yi masa. Mahaifinta ya yi ciniki da ita kamar yadda ake cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando. Littafin bai faɗa mana abu mai yawa game da kamanninta ba, sai batun idanunta, kusa da wannan kuma aka yabi kyaun ƙanwarta. Bayan kwana 7 aka yi mata kishiya, kishiyar kuwa ƙanwarta ce da suka tashi ɗaki ɗaya. Ba sai na fassara wa Bahaushe wannan ba, muna da sunayensu: Rahila mowa, Lai'atu bora.

Kada wani ya ɗauki wannan sura ya ce ga izinin tara mata. Littafi Mai Tsarki yana ba da labarin abin da ya faru ne, ya kuma bar mu mu ga hawayen da ya biyo baya. Daga bisani shari'ar Musa ta hana mutum ya auri ya da ƙanwa a lokaci ɗaya, a Littafin Firistoci sura 18. A Maimaitawar Shari'a sura 21 kuma aka kafa doka ta kāre gādon ɗan farin matar da ba a so. Kamar dai an tuna da gidan Yakubu sa'ad da ake rubuta waɗannan.

To, yaya muka san abin da ke zuciyar Lai'atu? Ba a rubuta cewa ta yi ƙorafi ga maƙwabta ba. A idon mutanen Haran, mace ce mai sa'a. Tana haihuwar maza bi da bi, ga miji mai ƙwazo wanda garke ke yalwata a hannunsa. Ranar suna ana ta yi mata barka. Baƙin cikinta a cikin sunayen 'ya'yanta ta ɓoye shi, a can ne za mu karanta shi.

Aya ta 31 ta ce mana Ubangiji ya ga ba a ƙaunarta, ya kuwa ba ta haihuwa. Ka lura da wanda ya gani. Mijinta yana kallonta kullum bai gan ta ba. Allah ne ya gani.

Ɗan fari ta sa masa suna Ra'ubainu, sunan da ke da alaƙa da gani. Dalilinta, Ubangiji ya dubi wahalarta, yanzu kam mijinta zai so ta. Na biyu Saminu, sunan da ke da alaƙa da ji, domin Ubangiji ya ji an ƙi ta. Ashe ɗan fari bai sauya kome ba. Na uku Lawi, sunan da ke nuna mannewa. A nan ta rage abin da take roƙo. Ba ta ƙara ambatar so ba, cewa take ko mijin zai shaƙu da ita, tun da ta haifa masa maza uku. Ka ji yadda bege ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa cewa a ransa, "In na sami kaza, ai shi ke nan," ya samu kuma bai ga canji ba, ya san wannan hanya. In na gina gida za a girmama ni. In na haifi namiji dangin miji za su bar ni in sha ruwa. In aka naɗa ni dattijo zan manta abin da na rasa.

Sai ciki na huɗu. Wannan karon, sa'ad da ta buɗe baki ta sa suna, babu Yakubu a cikin maganarta ko kaɗan. Ta ce yanzu Ubangiji za ta yabi, ta kira yaron Yahuza, sunan da ke nufin yabo. Me ya faru tsakanin Lawi da Yahuza? Yakubu bai sauya ba. Rahila tana nan a matsayinta. Alfarwar Lai'atu ita ce dai ta jiya. Abin da ya motsa yana cikin ƙirjinta. Ta daina tsayawa a ƙofar da ta ƙi buɗuwa, ta juya ta ga akwai wanda ya daɗe yana kallonta, yana jinta, tun daga ɗan fari. Ita da kanta ta faɗi haka a sunayen farko, amma a lokacin tana ɗaukar alherin Allah kamar kuɗin da za ta sayi zuciyar mijinta da shi. A kan Yahuza ne ta karɓi alherin domin kansa.

Da a ce ni na rubuta Littafin Farawa, da a nan na rufe labarin, kowa ya tafi gida da murna. Amma Ruhu Mai Tsarki ya fi ni gaskiya, ya ƙara mana sura 30. A can za ka ga Lai'atun nan da ta yi yabo ta koma cikin gasa da ƙanwarta. Ta ba Yakubu baiwarta Zilfa don a ƙara mata yawan 'ya'ya. Wata rana a lokacin girbin alkama, Ra'ubainu ya samo wani tsiro a saura da ake ganin yana taimakon haihuwa. Rahila ta roƙa a ba ta, Lai'atu ta fashe da maganar da ta daɗe tana danne, ta zarge ta da ƙwace mata miji. Suka yi ciniki, tsiro a bakin kwana ɗaya. Ka ji abin tausayi, matar aure tana sayen kwanan mijinta. Da ta haifi ɗanta na shida, Zabaluna, sai ga tsohon begen ya sāke ɗagowa, tana cewa ko yanzu mijin zai darajanta ta.

Wannan sura tana ta'azantar da ni fiye da yadda take ba ni kunya. Karɓar rayuwar da Allah ya ba ka ba abu ne na dare ɗaya a taron farkawa ba. Yau ka yi yabo da dukan zuciya, gobe mota ta tsaya a ƙofar shagonka, tsohon miki ya buɗe. Wannan bai nuna yabon jiya ƙarya ne ba. Yahuza yana nan yana wasa a tsakar gida ko a ranar da uwarsa ke kuka, duk sa'ad da ta kira shi cin abinci kuma, yabo take ambata.

Ita mowar fa? Ko ta ji daɗi? Farkon sura 30 ya nuna Rahila tana kishin yayarta, har ta ce wa Yakubu in bai ba ta 'ya'ya ba mutuwa za ta yi, shi kuwa ya husata da ita. Ɗaya tana da 'ya'ya tana kukan miji, ɗaya tana da miji tana kukan 'ya'ya. Kowace tana leƙen alfarwar 'yar'uwarta tana ganin can ne daɗi yake. Ka tuna likitan da ya ce wa tela ya huta. Mai yiwuwa da gaske yake. Mutumin da kake hange kana jin zafin rabonka, ba ka taɓa kwana a ɗakinsa da damina ba.

Shi kansa Yakubu, bayan ya yi shekara 20 a gidan Laban, 14 domin mata, 6 domin garke, ana ta sauya masa lada har sau 10, bayan ya yi arziki ya kuma sami sabon suna Isra'ila, ka san yadda ya kwatanta ransa? Yana da shekara 130 ya tsaya gaban Fir'auna a Masar, aka tambaye shi shekarunsa, ya amsa cewa kwanakinsa kaɗan ne, cike da wahala. Wannan mutumin da Allah ya yi wa alkawari ke nan. Ina faɗin haka domin akwai wata koyarwa da ta cika gari, a rediyo da talabijin da wayoyin hannu, mai cewa in bangaskiyarka ta isa, ba za ka rasa kome ba, in kuwa ka rasa, laifinka ne ko na wani maƙiyi a danginku. Koyarwar nan ta ƙara wa mutane da yawa nauyi. Ta sa mai ciwo ya ƙara ɓoye ciwonsa, kada a ce ba shi da bangaskiya. Manzo Bulus ya fi mu duka bangaskiya, duk da haka a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 12, ya faɗa mana yana da wata ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙa a cire ta. Ba a cire ba. An ba shi alherin da zai ɗauke ta, da ita kuma ya ci gaba da aiki.

Akwai abin da nake so ka rarrabe, ɗan'uwana. Haƙurin da muka gāda sau da yawa haɗiyewa ne. Ka yi shiru, ka danne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Irin wannan haƙuri yana da amfaninsa a kasuwa da wurin aiki, amma in ka kai shi gaban Allah ya zama riya. Mutanen Allah ba su haɗiye ba. Hannatu ta zuba ɓacin ranta a Shilo har firist Eli ya zaci ta bugu. Na'omi ta komo Baitalami ba miji ba 'ya'ya, mata suna mata maraba, ta ce su daina kiranta da sunan daɗi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a kuwa cire ta daga Littafin ba. Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya faɗa wa almajirai uku irin baƙin cikin da ke ransa, ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon, kafin ya miƙa kansa ga nufin Uban. Faɗar gaskiya ce ta zo da fari, miƙa kai ya biyo. Mu kuwa mukan so mu tsallake ta farin. Ba za ka iya miƙa wa Allah abin da kake musun kana riƙe da shi ba.

In ƙara wata magana kafin wani ya fahimce ni a karkace. 'Yar'uwata, in ana dukanki, ko ana hana ki da 'ya'yanki abinci, wannan ba gicciyen da za ki ɗauka a ɓoye ba ne. Ki faɗa wa fasto da dattawa da danginki, ki nemi mafaka. Kai kuma da ka ga baƙin cikin ya hana ka barci da cin abinci makonni da yawa, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka faɗa wa wani yau, ka je asibiti. Ciwo ne, yana da magani, zuwa wurin likita kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. In kuma kai ne Yakubun gidanka, akwai wadda kake wucewa kullum kamar tukunyar ruwa, to, wannan sura gargaɗi ce a gare ka, gama Allah yana ganin wadda ka ƙi gani. Abin da za a iya gyarawa, a gyara. Maganata a kan abin da ya riga ya wuce ne, wanda ba kuka ba roƙo da zai komo da shi.

Ko Yakubu ya taɓa son Lai'atu? Nassi bai ce ba. Sa'ad da zai sadu da Isuwa yana tsoron hari, a sura 33, ya jera iyalinsa: bayi mata da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a tsakiya, Rahila da Yusufu can baya inda ya fi tsaro. Ta ga wannan jeri da idonta, ta kuma san ma'anarsa. Amma akwai abin da ba ta gani ba. Daga Lawi, ɗan da ta haifa tana roƙon a shaƙu da ita, Musa da Haruna suka fito, da dukan firistocin Isra'ila. Daga Yahuza sarki Dawuda ya fito. In ka buɗe sura ta fari ta Bisharar Matiyu ka bi jerin kakannin Yesu, ta kan Yahuza layin ya bi. Mai Ceton duniya jikan bora ne. Shi ma kuwa ya zo wurin nasa suka ƙi shi, ya san ɗanɗanon wannan ƙoƙo. Lai'atu ta mutu ba ta san ko ɗaya cikin waɗannan ba. Abin da ta sani shi ne niƙa, da ɗiban ruwa, da renon yara 7, maza 6 da Dinatu.

Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu, aka binne ta a bakin hanyar Efrata, kusa da Baitalami. Shekaru da yawa bayan haka, Yakubu yana kwance a Masar yana da shekara 147, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su kai gawarsa kogon Makfela a Hebron. Ya lissafa waɗanda ke kwance a can: Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu. Sa'an nan ya ce a can ne shi da kansa ya binne Lai'atu. Har yau a Hebron, a cikin babban ginin dutse da aka yi bisa kogon tun zamanin Hirudus, akwai alamar kabarin Yakubu, daura da ita kuma ta Lai'atu.

Mu koma tsakar gidan nan a Maraɗi. Matar telan ba ta koma ɗaki ba. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Maigida, shekara 25 ina share ƙarƙashin gadon nan, ina zagaye akwatin nan da tsintsiya. Ban taɓa tambayarka ba, domin ina tsoron amsar." Ya ce, "Wace amsa?" Ta ce, "Ko ni da yaran nan muna cikin abin da kake kuka a kansa."

Ya daɗe bai ce kome ba. Bai taɓa tunanin shirunsa yana cin wani ban da shi ba. Sa'an nan ya fara magana, ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: yadda yakan kauce wa hanyar asibiti in yana kan babur, yadda wani lokaci yakan ji haushin ƙannensa da ya yi wa wahala, yadda ya ji sa'ad da yake durƙushe da tef a gaban abokinsa. Ya ce mata ita ba ta cikin abin da ya rasa, tana cikin abin da aka ba shi, shi ne bai iya ƙirga ba. Suka durƙusa a kan ƙasa. Mutumin da ya saba yi wa ikilisiya addu'a mai tsawo da kalmomi masu daɗi, daren nan abin da ya iya cewa kaɗan ne. Ya ce, "Ya Uba, na so in zama likita, ba ka ba ni ba, abin ya yi mini zafi, har yanzu yana yi. Ga shi a hannunka."

Da safe ya buɗe shago kamar kullum. Ya shimfiɗa shaddar abokinsa ya yanka, zuciyarsa ta ɗan soke shi, ya ci gaba da yanka. Littattafai biyu da gara ta bari, ya kai wa wata yarinya a ikilisiya da ke karatun jinya. Akwatin kuma ya wanke shi, ya kai shago, a ciki yake ajiye zare da maɓallai.

Ran Lahadi yana tsaye a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Fasto ya miƙa masa hannu ya ce, "Dattijo, ina kwana? Yaya gida?" Ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai ya tsaya. Ya ce, "Fasto, in ka sami sarari ran Talata da yamma, ina da magana."